A Gefe Ake Riƙe Dala

Litinin, 7 ga Janairu 1980, da hantsi

Maudie mai shagon kofi ta zo gidan nan da sassafe, ko rigar aikinta ba ta cire ba. Na ɗauka tsegumi ta kawo kamar yadda ta saba. Sai ta zaro hankici ta buɗe a kan tebur. Dalar azurfa ce a ciki.

"Mijinki ya sha kofi jiya, da wannan ya biya," in ji ta. "Har da cewa in riƙe canji. Na ce, Arvo, lafiyarka kuwa? Ya ce me ya faru, ba kuɗi ba ne?"

Na yi dariya, na ce zolayarta yake yi. Ita ba ta yi dariyar ba.

Shekara arba'in ke nan Arvo yana tara waɗannan daloli. Ya fara tun yana aiki a ramin haƙar tagulla, lokacin da duk garin Butte da su ake biyan albashi, aljihun wandonsa kullum a huje, ni kuma kullum da allura a hannu. Ranar albashi sai ya zube su a tebur ya tsince masu kyau, ragowar ya turo mini na cefane. Suna cikin farantan katako masu ramuka a kabad ɗin ɗakin baya, kowace da raminta. 'Yarmu Lorene ta haddace dokokinsa kafin ta haddace addu'ar cin abinci. A gefe ake riƙe dala, ba a taɓa fuskarta. Ba a goge ta kuma, ko ta yi baƙi ƙirin, wai baƙin nan da shuɗin da ke fitowa a jikinta su ne shaidar shekarunta, in ka goge ka kashe ta. Muna sabon aure na taɓa ɗaukar ɗaya da yatsana a tsakiya, sai da ya yini bai yi mini magana ba. To, mutumin nan ne ya jefa ɗaya a kan kantar Maudie, cikin maiƙon nama.

Na mayar da ita raminta yana banɗaki. Ban ce masa komai ba.

Laraba, 9 ga Janairu, da yamma

Yau lafiya lau. Ya kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa, ya ci abinci sosai, ya kira ni da sunana.

Juma'a, 11 ga Janairu, da rana

Na je cefane na tarar da layi tun daga ƙofar otal har kwanar banki. Wasu baƙi ne suka kama ɗaki a sama, suna sayen azurfa da sikeli. Rediyo kullum maganarsa ɗaya, farashin azurfa ya sake hawa. Mutane riƙe da cokulan aurensu da butocin shayi, wata har da kofin baftismar jikanta. Duk narkarwa za a yi. Kunya ta ƙare a garin nan.

Stanko ya zo shan kofi. Abokin Arvo ne tun a rami, tare suka kafa ƙungiyarsu ta masu tara tsofaffin kuɗi. Shi ya kawo labarin tsoho Pascoe, ɗan ƙungiyar. An shiga gidansa da rana tsaka, an ɗaure shi a kujera da igiyar shanya, an kwashe duk abin da ya tara. Sai da yamma maƙwabciya ta ji nishinsa.

Arvo ya doki tebur har kofuna suka yi tsalle. "Su narkar da dala? Matar nan da ke fuskar dala, da ta yi shekara ɗari tana yawo a aljihun mutane, su mai da ita dunƙule? Jakai ne kawai!" Daga nan ya shiga bayani, wadda aka buga a Carson City da wadda aka buga a New Orleans, shekara bi shekara, ko tuntuɓe bai yi ba.

"Kai tsohon banza," in ji Stanko, "har yanzu kanka ya fi nawa aiki."

"Naka ai tun a rami ya cika da ƙasa," in ji Arvo.

Zuciyata ta yi sanyi, har na ƙara musu burodi. Da Stanko ya fita, Arvo ya juyo ya tambaye ni ina gwangwanin abincinsa, zai makara shiga rami. Ya fi shekara goma da barin aiki. Na ce yau hutu ne. Ya ce to.

Lahadi, 13 ga Janairu, bayan coci

Lorene ta bugo waya daga Spokane kamar kowace Lahadi.

"Mama, yaya Baba?"

"Lafiya lau."

"Tsakaninki da Allah?"

"Ke ni za ki titsiye? Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Na san me ke ranta. Tun abin da ya faru ranar Kirsimeti, wanda ba zan rubuta ba, ta ce in aka sake, za ta zo ta ɗauke shi ta kai shi gidan tsofaffin da ke kusa da ita. A gaban ɗan sandan da ya dawo da shi ta faɗa, silifas ɗinsa na ɗigar da ruwa a kan dardumata. Har sunansa ta riga ta ba su.

Na san irin gidajen nan. A irinsu wansa Onni ya ƙare. Mun je mun same shi an ɗaure shi a kujera da zanen gado don kada ya faɗi, fuskarsa na kallon bango. A hanyar dawowa Arvo ya tsayar da mota ya ce, "Helmi, in na kai haka, ki tura ni tsohon rami kawai, ya fi mini." Na ce ya daina maganar banza.

Ba za a ɗauke shi daga gidan nan ba.

Laraba, 16 ga Janairu, da yamma

Ramukan da babu dala sun ƙaru a faranti na biyu. Na sa takalmi na bi sawunsa cikin gari kamar mai neman akuyar da ta ɓata.

Mai aski yana ganina ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini dalar a cikin takarda. "Na ajiye miki," ya ce, bai ƙara ko kalma ba, Allah ya saka masa. Mai jarida ma haka. Amma sabon mutumin nan na gidan mai, wanda ba ɗan gari ba, ya ce, "Ni ban ga wata dala ba, Iya." Ƙarya yake yi, a idonsa na gani. Har na juya sai ya ce, "A wane layi ma kuke zaune?"

Ban amsa ba. Na kama hanyar gida da sauri. Garin nan ƙarami ne, kuma yanzu kowa ya ji akwai tsohon da ke sayen sigari da dalar azurfa.

Na kulle kabad ɗin na ɓoye makullin a gwangwanin fulawa.

Alhamis, 17 ga Janairu, da rana

Na mayar masa da makullin.

Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai yau, ɓarauniya. Ba shi ba ne ya faɗa, ciwon ne. Na sa riga mai dogon hannu don rufe shatin yatsunsa, gobe ma ita zan sa.

Asabar, 19 ga Janairu, da yamma

Wata koriyar mota ta yini a tsallaken titi, injinta a kunne. Wajen ƙarfe uku mai ita ya fito ya ƙwanƙwasa. Na buɗe kaɗan, ban cire sarƙar ƙofa ba. Dogo ne, da hular fata, da murmushi irin na masu sayar da inshora.

"Sannu, Iya. Tsohon ne ya ce in zo in duba kayan."

"Wane kaya?"

"Dalolin. Muna biya da kyau, hannu da hannu."

"Mun sayar tuntuni."

"Ikon Allah. Shi kuwa ya ce faranti-faranti ne a ɗakin baya."

Yana magana yana leƙen bayan kafaɗata. Na rufe ƙofa na jingina da ita. Arvo na zaune a falo yana kallon talabijin ɗin da ba a kunna ba. Ya ce, "Waye?" Na ce mai wa'azi ne.

In na kira 'yan sanda za su tambayi yadda aka yi baƙo ya san ɗakin baya. Daga nan sai su kira Lorene, lambarta na wurinsu. Tsoro nake ji, ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. In na rufe ido kujerar Pascoe nake gani, sai kuma ta koma ta Onni.

Lahadi, 20 ga Janairu, da rana

Lorene ta bugo. Na ce lafiya lau.

Litinin, 21 ga Janairu, da yamma

Na gaya wa Stanko komai, a tsaye a kicin, Arvo na barcin rana. Ya ce in bari ya kwashe farantan ya kai akwatin banki yau ɗin nan.

Na ce ba zai yiwu ba. Kullum da safe bayan kofi Arvo yakan fito da su ya zauna a bakin taga, ya sa safar hannunsa, ya ɗauki gilashin dubawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin shekararsu da inda ya samo kowace. Wannan a wurin ɗan caca, waccan ranar da aka yi gobara a rami. A wannan sa'ar kaɗai nake da mijina cikakke. In aka kwashe su, me ya rage?

Stanko ya sosa ƙeya. Sai ya zaro wata dala daga aljihunsa, gama-gari, irin wadda aka taɓa gogewa, ya cire ta Carson City mai shuɗin gefe, wadda Arvo ya saya shekarar da aka haifi Lorene, ya sa tasa a raminta. "Mu gani," ya ce.

Da Arvo ya tashi muka ajiye masa farantin. Ko gilashi bai ɗauka ba.

"Wane ɗan iska ne ya sa mini wannan karuwar a nan? Dubi yadda aka dirje ta! Stanko, aikinka ne. Fito da tawa kafin in fasa maka hanci."

Stanko ya yi ta dariya har da hawaye, ni ma haka. Amma a bakin ƙofa ya riƙe hannuna, daidai inda rigar ta rufe, na janye. Ya gani.

"Uwargida, ki saurare ni. Muddin ya san su, yana nan, ni ma zan taya ki rufa asiri. Amma ran da ya daina sanin su, ki kira yarinyar nan. Kada ki bari sai ya ji miki ciwo, ko ya buɗe wa wani ƙofa. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa, don na tabbata ranar ba za ta zo ba. Mutum ya manta sunan titi, ya manta shekara, amma Arvo ya manta dala? Haba.

Laraba, 23 ga Janairu, da safe

Ya san su duka. Lafiya lau.

Alhamis, 24 ga Janairu, da rana

Koriyar motar ta dawo, ta tafi, ta sake dawowa. Na jawo kujera na tokare ƙofar baya. Wayar ta yi ƙara, na ɗauka, ba a yi magana ba. Ko wanki ban iya shanyawa ba, ina ganin igiyar sai na tuna Pascoe.

Ya san su. A kan guda ɗaya ya daɗe, amma ya tuna.

Asabar, 26 ga Janairu, da yamma

Kantin magani kawai na je. Ban daɗe ba. Allah ya sani ban daɗe ba.

Lahadi, 27 ga Janairu, da rana

Ban je coci ba. Wayar ta yi ta ƙara, ban ɗauka ba.

Litinin, 28 ga Janairu, da hantsi

Bari in rubuta, ko zan samu in yi numfashi.

Na dawo daga kantin magani ranar Asabar, tun daga ƙofa na ji warin man da nake goge cokula da shi. Na same shi a teburin kicin, ya naɗe hannun riga, farantan duk a buɗe, dalolin a zube kamar wake. Ba safar hannu. Babban yatsansa a tsakiyar fuskar matar, yana dirza da tsumma da iyakar ƙarfinsa. Ya kusa gamawa. Sai walƙiya suke yi kamar gindin sabuwar tukunya. Ta Carson City tana can gefe, shuɗin nan da ya yi shekara talatin yana nuna wa baƙi babu shi, sai zane-zanen tsumma.

Ya ɗago yana murmushi, irin murmushin da rabona da shi tun bara.

"Sannu da zuwa, Madam. Na ga kuɗinki sun yi datti, shi ne na ce bari in wanke miki. In maigidan ya dawo ki ce ɗan haya ne ya yi."

Na ce na gode. Abin da na ce ke nan, na gode. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ya ji ni.

Talata, 29 ga Janairu, da yamma

Na yi niyyar ɓoye wa Stanko. Har na shirya ƙaryar, cewa makullin ya ɓata. Amma Arvo da kansa ya ɗauko faranti ya kai masa, yana alfahari. "Dubi aikina, Malam."

Stanko ya cire tabarau ya sake sawa. Ƙaton mutumin nan da ya taɓa ɗauko mutum biyu daga rami a kafaɗa, sai ga shi ya kawar da kai daga farantin. Ya ce, "Sun yi kyau, abokina. Sun yi kyau ƙwarai."

A kicin na tare shi tun kafin ya buɗe baki. Na ce gajiya ce, sanyin nan ne, gobe zai dawo daidai.

"Helmi," ya ce. Bai taɓa kiran sunana kai tsaye ba sai yau.

"To in ya dawo daidai fa?" na ce. "In ya farka gobe da hankalinsa ya buɗe kabad ya ga abin da aka yi musu, ya tambaye ni wa ya yi?"

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Kwana da kwanaki ina roƙon Allah ya dawo mini da shi, yanzu kuma dawowar tasa nake tsoro.

Stanko ya kwashe farantan ya sa a motarsa. Ya ce babu mai tarawa da zai kalle su yanzu, sai masu sikeli, su kam ko an goge ko ba a goge ba duk ɗaya ne a wurinsu. Na ce ko zan ci ƙasa ba za a narkar da su ba. Ya ce ya sani. Da gangan ya yi ta fita da su ɗaya-ɗaya a gaban koriyar motar, yana tafiya a hankali don a gani.

Laraba, 30 ga Janairu, da safe

Ya sha kofi ya zauna a bakin taga. Bai tambayi farantan ba. Na yi ta jira ya tambaya, ya yi faɗa, ya kira ni ɓarauniya ma na yarda. Bai tambaya ba.

Motar ba ta zo ba.

Alhamis, 31 ga Janairu, da rana

Na kira ta. Tana ɗauka ta ce, "Mama, yaya Baba?" Na buɗe baki, kalmomin nan biyu, lafiya lau, suka ƙi fitowa. Muka yi shiru mu duka, kuɗin waya na tafiya.

"Ina zuwa ranar Asabar," ta ce. Kuka take yi. Na ce ta tuƙa a hankali, akwai ƙanƙara a hanyar da ta bi ta kan dutse.

Ka yafe mini, Arvo. Ba zan iya tura ka rami ba.

Asabar, 2 ga Fabrairu, da hantsi

Na haɗa masa jaka tun jiya. Riguna, rezar aski, silifas. Na sa gilashin dubawar ma, ban san don me ba.

Da safe na yi masa aski na sa masa rigar coci. Yana zaune a bakin taga, na durƙusa ina ɗaura masa igiyar takalmi, sai na ji ya ce, "Tsaya." Na ɗago. Ya goge hannuwansa a wando sosai, sannan ya kawo su a hankali ya riƙe kaina, ta gefe, yatsunsa a bayan kunnuwana da ƙarƙashin haɓa. Bai taɓa fuskar ba. Ya karkata ni wajen haske, ya sake karkatawa ɗaya gefen, ya kawar da bakinsa don kada numfashinsa ya same ni. Ya daɗe yana dubawa, ido ɗaya a kanne.

"Kai," ya ce. "Wannan ba a taɓa goge ta ba. Dubi yadda shekaru suka zauna mata. Ta waye?"

Na ce, "Ta wani ɗan rami ce."

"To ki gaya masa, ko nawa aka taya, kada ya rabu da ita."

Na ce zan gaya masa. Ya sake ni a hankali, kamar mai mayar da abu raminsa, ya koma kallon titi.

Asabar, da rana

Lorene ta iso. Tana falo tana ba shi miya, yana ce mata Madam, tana amsawa.

Ta ga jaka biyu a bakin ƙofa. "Mama, wannan ɗayar fa?"

"Tawa ce. Ɗakin ɗinkinki na baya zai ishe ni. In sun buɗe ƙofar gidan tsofaffin da safe ina ciki, sai sun kore ni da yamma. In ga mai ɗaure shi da zanen gado ina zaune."

"Gidan fa? Shekara arba'in, Mama. Ba ki san kowa a Spokane ba. Shi ma bai ma san ko ke wace ce ba."

"Maudie za ta riƙe makulli."

"Mama…"

"An ba ni saƙo in kai wa wani ɗan rami, mai ni," na ce. "Ba zan iya kaiwa daga nan ba."

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Har yanzu tsoro nake ji. Tana kira, wai mu kama hanya kafin ƙanƙara ta rufe dutsen. Na kashe murhu, na duba sau biyu. A baya zan zauna, kusa da shi.